Kakin Zofka

Katakon tuffa ne,
daga bishiyar da iska ta kayar a bayan cocin Bohinj.
Na yanke shi, na goge shi har tafina ya yi kanta.
Saura abin da zai sha
don kada ruwan albasa ya shige shi ya yi zaune.

Kasuwar Ljubljana na fara zuwa.
Wani mai fara'a ya miƙo mini dunƙule rawaya,
ga sheƙi, ga araha.
Da na ɗora shi a wuta
sai kicin ya cika da warin kyandir,
can ƙasa-ƙasa har da na kananzir.
Araha dai ba ta ado.
A kan katakon nan jikata Tinkara za ta yanka burodi,
ta tsince ɓarɓashin da yatsa, ta kai baki.
Na zubar.

Mai sayar da cuku ya ce, hau wurin Zofka,
gida na ƙarshe kafin daji.
Na hau, dusar ƙanƙara har idon sawu,
gwiwa tana yi mini ƙorafi.
Amyoyinta jere a rumfa kamar akwatunan tufafi,
kowace da zane a goshi:
ga mafarauci, ga dila, ga wani tsoho da lofe.
Babu ƙuda ko ɗaya a waje,
amma da na kara kunne
na ji su a ciki, suna gunaguni, suna ɗumama juna.

Ba ta tambayi sunana ba.
Ta ce, na mene ne?
Na ce na katakon yanka.
Ta ture baƙin dunƙule gefe da gwiwar hannu.
Wannan daga tsohuwar saƙa ne, in ji ta,
inda 'ya'ya suka kwanta shekara da shekaru,
inda maganin kaskar zuma ya taɓa sauka.
A shafa wa takalmi, a yi kyandir.
Ba ya zuwa kusa da abinci.

Sai ta buɗe wani tsumma.
Fari-fari ne, kamar man shanun safe.
Marfin saƙa, wanda suke toshe zuma da shi
lokacin da furanni suka cika dutse,
kakin da bai kwana biyu a duniya ba.
Ta ɓantaro kaɗan. Tauna.
Na tauna. Bai kama haƙori ba,
ya bar mini ƙamshin ciyawa a dasashi.
Abin da ba za ka sa a baki ba, in ji ta,
kada ka shafa wa abin da wuƙa ke hawa.

A gefen dunƙulen akwai shaidar babban yatsa,
fāɗinsa ya fi nata.
Ta ga ina kallo.
Lojze ne, ta ce. Bai jira ya huce ba.
Bai taɓa jira ba.
Shi ne na ƙarshe da ya narkar
kafin a sauko da shi daga dutsen nan a kafaɗa.

Na ciro kuɗi, ta harare su.
Ta shiga ciki ta fito da nata katakon,
tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi,
shekara arba'in na wuƙa ɗaya,
ya bushe, ya tsage a kunne.
Ka san aikin itace, gyara wannan.

Daren nan na ɗora kwano a kan ruwan zafi,
kaki kashi ɗaya, farin man kantin magani kashi huɗu,
wuta kaɗan, ba gaggawa.
Ta ɗaya gefen na yanko.
Yatsan Lojze na bar shi inda yake.

Nata na fara shafawa.
Ya sha, ya sha, kamar wanda ya dawo daga tafiya,
har jijiyoyin itacen suka fito ja.
Na Tinkara yana jingine da bango,
sai gobe.