Lissafin Mai Gawayi

Buhu tara na jera yau a bakin titi,
nan Daki Takwas, inda hanya ta rabu.
Direban Sakkwato ya taya, na ce albarka,
ya ƙara ɗari biyar, na ɗora masa biyu.
Hannuna baƙi ƙirin, har kuɗin suka ɗauka.

Na koma gida, Luba na kan tabarma
da littafin aji huɗu mai yagaggen bango.
Ta ɗago kai: "Baba, mi ab burtu?"

Loma ta tsaya mini a wuya.

Burtu, ɗiyata, ƙaton tsuntsu ne baƙi,
maƙoshinsa ja kamar ya haɗiyi garwashi.
Tafiyar alƙali gare shi, ba ya gaggawa.
Kukansa da asuba, ka ce ganga a cikin rijiya.
Maharba kan ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe,
gada ta saki jiki, ta zaci maƙwabci ne.
Ta ce, "Gada fa?"
Na ce, ci tuwonki.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na kwanta ina ƙirga abin da ba ya shiga aljihu.
Kiryar bayan gonar Nomau, kwana uku ina sara,
gatari na tsalle yana dawo mini,
buhu goma sha ɗaya ta bayar, na biya bashin taki.
Marken bakin rafi.
Kaɗanya biyu, da ɗanyun 'ya'ya a jikinsu.
Sai maɗacin nan mai kogo.
Da ya faɗi na ga ƙwai ɗaya a fashe,
girmansa ya kai dunƙulen hannu.
Ban tsaya tambayar na wa ne ba,
rana na yi, ga rami yana jira.

Arzika ya sauke amyarsa bakwai bara,
ba zuma, ba ƙudan, sai gizo-gizo.
Yanzu acaba yake yi a Gummi.
Tumba da ke dafa kalwa ta raba wa unguwa
ta koma aiken yaro shago ya sayo dunƙule.
Shamuwa ta iso kan lokacinta,
hadari ya saɓa mata alkawari.
Sau uku muka yi shuka.
Ruwan da muka roƙa wata biyu
ya zo a dare ɗaya, ya tafi da katangu.

Rediyo ta ce sauyin yanayi ne,
hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe masu nisa.
Na yarda. Nasu ya fi nawa sau dubu.
Amma ranar maɗacin nan
ni kaɗai ne a dajin, ni na riƙe ƙota.

Ba zan ce na daina ba, kada in yi ƙarya,
baki takwas ke jiran hannun nan.
Abin da na iya shi ne wannan:
kututturen da ya yi toho na bar masa biyu,
na kewaye da ƙaya saboda awaki.
Mai kogo kuwa, ko nawa za a ba ni, na wuce shi.
Na tsinci ƙwayar kirya a kashin shanun Fulani,
goma sha biyu, na cusa a ledar ruwa.
Uku suka fito. Akuya ta ci ɗaya.
Luba ke zuba wa sauran ragowar ruwan alwala.

Kirya ba ta sauri, ni kuma hamsin da biyu.
Inuwarta ta wani ce, na sani.

Jiya ta zana burtu a bayan littafinta
yadda na kwatanta mata.
Ya fito kamar agwagwa mai ciwon wuya.
Na karɓi fensir zan gyara,
sai na rasa yadda wutsiyarsa take.