Gida Tara

Malam Hammajoɗa ya miƙo mini kyamara,
ya ce, "Riƙe ta kamar ƙwarya cike da nono,
gwiwar hannu a haƙarƙari, numfashi a hankali."
Mu shida ne, kyamara ɗaya,
batirinta ba ya kai la'asar.

Ranar farko na sare wa Dudu kai.
Aji ya fashe da dariya:
ga wuya, ga riga, babu mai riga.
Washegari na bar sama ta cinye hoton,
Dudu can ƙasa kamar ƙuda a bakin faifai.
Malam ya ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance,
ya ce, "Gida tara ke nan.
Kada ka dasa mutum a tsakiya
kamar mai jiran hoton katin shaida.
Inda idonsa ya nufa, bar masa fili ya duba."

Ran Asabar aka ba ni aro.
Na gangara bakin Binuwai, ƙasan gadar Garwa,
inda babana ke gyaran koma.
Daga nesa na fara:
yashi, masu wanki, kwalekwale uku,
shi kuwa ɗigo ne a gefen ruwa.
Na fuskanci rana, ya zama inuwa.
Na zagaya na ba ta baya, fuska ta dawo.
Na durƙusa har gwiwata ta nutse a laka,
sai ga shi ya fi gada tsawo.

Sannan na matsa.
Hannu kawai.
Shekara ashirin ina cin kifin hannun nan,
ban san ƙaramin yatsan ba ya lanƙwasuwa ba,
ban san yakan yi rawa kafin ya kama zare ba.
Na ƙirga goma yadda aka koya mana.
Kyamara ba ta girgiza ba,
ƙirjina dai ban rantse masa ba.

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ka gama?
In za ka nuna wa mutane,
sa kwalekwalen a ciki.
Shuɗin nan, ba na Bappa Sali ba."

Ran Litinin Malam ya kalla sau biyu.
"Nan ka karkace," in ji shi,
"kogin naka yana zubewa hagu."
Da aka zo kan hannun bai ce uffan ba,
ya goge tabarau da gefen riga,
ya miƙa wa Dudu kyamara.