Riguna Goma Sha Bakwai

Saƙon ya shigo ana ƙanƙara,
tana dukan kwanon shagona a Dilimi
kamar mai bin bashi.
Na ɗaga ƙafa daga kan keke.
Turanci ne, dogo, da jan rubutu a kansa.

Nanret mai sayar da maɓallai ta karanta mini,
tana riƙe da wayar nesa da ido.
Wai kamfanin intanet ne.
Wai layin da ke ɗauke da sunana
ya sauke fim ta ɓarauniyar hanya
daren Talata, ƙarfe ɗaya da kwata.
Wai wannan jan kunne ne,
in aka sake za su toshe,
kuma masu haƙƙi sun san ƙofar kotu.

Ni, Sidi, ɗaya da kwata?
Ni da sallar isha ke rufe wa ido?
Ni da ko ƙyallen da ya ragu
nake ƙullewa a leda in mayar wa mai shi?

Kuma ai ni aka yi wa sata.
Bara na ɗinka riguna goma sha bakwai
don fim da aka ɗauka a gindin duwatsun Shere.
Mako uku a shago nake kwana.
Allura biyu suka karye a aikin wuyan jaruma.
Da na je karɓar ciko,
Mato mai shirin ya zazzage mini aljihunsa:
kafin su haska,
fim ya riga su isa kowace waya a Taminus,
naira ɗari, a tura maka har da gyara.
Na dawo da rabin kuɗi
da zagin da na ajiye wa ɓarayin da ban sani ba.

Da zagin a baki na shiga gida.
Suwaiba na tsince shinkafa.
Ban tambaya ba, faranti ya fara rawa.
Ta ce wayarta ma tun ranar ba lafiya,
zafi kamar dutsen guga,
hotunan banza na faɗowa ba sallama,
dubu huɗun adashinta sun fice daga asusu
ba ta san ta wace kafa ba.
An ce latsa nan, ta latsa.
An ce amince, ta amince.
Kyauta ce, in ji su.
Haka ma aka gaya wa kifi game da tana.

Na ce, wane fim ne ya hana ki barci?
Ta miƙo.

Minti na arba'in jaruma ta juya baya.
Ga shuɗiyar rigar nan,
ga kalmasar da na warware sau uku,
ga inda zare ya ƙare na haɗa da wani shuɗin
da ba mai ganewa sai ni.

Ta ce, Baba, ban taɓa ganin ɗinkinka
a jikin wanda ba maƙwabci ba.
Na jira har ƙarshe in ga sunanka,
sun yanke wurin,
sun liƙa tallan caca.

Ƙanƙara ta tsaya, ruwa ya karɓa.
Na nemi zagin nan na rasa wa zan ba.

Gobe sai banki, mu shiga layi tun da sanyi,
daga nan wurin yaron da ke wanke waya.
Komai zai tafi, har hotunan bikin yayarta.
Kamfani kuwa ban san yadda ake ba shi haƙuri ba,
ba shi da zaure balle in tura dattijo.

Na ce, daga yau kar ki sake.
Ta ce, to.
Muka yi shiru, shinkafa na jira.

Sannan na ce,
mayar da shi baya kaɗan,
wurin da ta juya.