Ta Bakwai

Ƙarfe uku saura kwata, a Oulu,
wayata ta yi kuka a ƙarƙashin matashi.
A waje ƙanƙara ta binne kekuna har sirdi,
teku ya daskare tun watan jiya.
Na saka safa biyu, na kunna allo.

Na'ura tara muke kiwo:
uku a nan, uku a Kajaani, uku a Tampere.
Rumbu ɗaya ne mai ƙofa tara,
inda kantunan magani ke zuba lissafinsu.
Ɗiba na tafiya lami lafiya.
Zubi ne ya gurgunce.

Tuukka ya fara da zargin hanya,
wai ko mai haƙa ya datse waya a daji.
Muka aika sallama gari gari,
ta dawo kafin mu sauke yatsa.
Ƙwaƙwalen na'urorin kuwa zaune suke
kamar tela da aka hana yadi.

Na tambayi matsakaicin lokaci, ya yi mini murmushi.
Maƙaryaci ne mai ladabi:
mutum tara sun ƙoshi, ɗaya ya kwana da yunwa,
sai ya ce kowa ya taɓa.
Na rabu da shi, na bi 'yan baya,
saƙo ɗaya cikin ɗari da ke isowa da ɗingishi.

Na zaci sharar dare ce,
aikin nan na tattara tsofaffin fayiloli a matse su,
wanda kan cinye faifai ya hana kowa wuri.
Na dakatar da shi. Na ƙirga sittin.
Shiru. Ko gezau.
Ana zaton wuta a maƙera.

Kofi ya huce. Tuukka ya daina barkwanci.
Wani wuri a Rovaniemi, na sani,
akwai uba tsaye a kantin dare
da hula a hannu da tarin ɗansa a kunne,
mai kanti na ce masa, ɗan dakata, na'ura ce.

Sai na jera su tara a allo ɗaya,
ina duba layin da ke bakin kowane faifai.
Biyu. Ɗaya. Uku. Babu. Biyu. Ɗaya.
Ta bakwai: ɗari da arba'in,
kuma ita ce jagorar rabon arewa,
sai ta sa hannu sauran ke amsawa.

Ba kaya ne suka yi mata yawa ba.
Kowane saƙo sai ta tambayi faifai: ya zauna?
Sai ta tsaya.
Da can akwai ɗan zaure a gaban faifan,
inda ake karɓar saƙo a ce, je ka, mun riƙe,
domin wani batir bai fi ashana ba
ya lamunce ko da wuta ta ɗauke.
Batirin ya mutu.
Zauren ya rufe ƙofa, ya ƙi alkawarin da ba zai cika ba.

Ashe ba lalacewa ta yi ba.
Gaskiya ta koma faɗa, ita kuwa gaskiya
tafiyar hawainiya gare ta.

Na miƙa jagoranci ga ta huɗu.
Layin ya narke a idona, ɗari, sittin, tara.
Kaisu za ta shiga ɗakin sanyi da asuba,
batir a aljihun rigarta.

Kafin in kwanta na leƙa akwatin saƙonni.
Ga gargaɗin nan, kwana goma sha ɗaya ke nan,
layi guda, ba ado,
a cikin jakar da na ware wa surutun na'urori
tun bazara, don in samu barci.

Wannan ban faɗa wa Tuukka ba tukuna.
Motar share ƙanƙara ta wuce ƙarƙashin taga.
Rana ba za ta fito ba sai goma.