Rabin Oza

Layin ya ƙone daf da la'asar,
ranar da kwaltar Mabera ke kama takalmi.
Inbatar Hajiya Ige ta yi tsit,
ƙanƙararta na komawa ruwa a cikin leda.
Ta tsaya bakin shagona, ba ta ce uffan ba.
Da ma zagina ta yi.

Na buɗe. Hanyar jan ƙarfen da na zana da hannuna
ta tashi kamar ɓawon albasa, baƙi ƙirin.

Mai kaya ya rantse mini oza ɗaya ce.
Oza ɗaya, in an shimfiɗa ta
ƙafa guda tsawo, ƙafa guda faɗi,
kaurinta maikiron talatin da biyar,
wajen rabin silin gashi.
Wa ke da idon ganin wannan?
Ni ba ni da shi. Amma Modi yana da sikeli.

Na yanko allon, mai fuska ɗaya, santimita goma ko ta ina,
na kai Tsohuwar Kasuwa, layin masu zinari.
Modi ya ture 'yan kunnen wata, ya ɗora, ya rubuta.
Na dawo na tsoma shi a ruwan cin ƙarfe,
mai kamar shayin da ya kwana,
ina girgiza roba har jan ya tafi,
allo ya fito tsirara.
Na shanya. Na koma.

Giram uku da ɗoriya ya kamata su ɓace.
Ɗaya da rabi suka ɓace.
Modi ya dube ni ta saman tabarau:
"Mi kas saye, yaro? Ƙarhe, ko labari nai?"

Rabin oza. Maikiron sha bakwai da rabi.
Ashe ɗan akuya na ɗora wa kayan raƙumi,
na zauna ina zargin wuta.

Daren nan, tocila a baki, na sake zane.
Abin da kauri ya hana, faɗi zai biya.
Na ninka layin, ya baje kamar Rima a Agusta,
na bi bayansa da dalma.

Da hantsi firiza ta yi gurnani.
Hajiya ta aiko da ƙanƙara ɗaya, ba saƙo.

Tsiraran allon nan yana aljihuna.
Gobe zan kai wa mai kaya, ba don faɗa ba.
So nake ya gaya mini
nawa yake sayar da rabin rantsuwa.