Hanyar Awaki

Bayan sallar asuba ba na komawa shimfiɗa.
Takalmina na gwanjo, na Ƙofar Wambai,
wanda wani ya gama yayinsa a wata ƙasa,
nakan ɗaure shi a zaure, ƙulli biyu,
don igiyar hagu ba ta da alƙawari.

Lungu na ƙamshin ruwan daren jiya.
Sabo mai shayi bai hura wuta ba tukuna
amma bakinsa ya riga ya tafasa:
"Malam Ilu, yau kuma wa ya biyo ka?"
Shekara shida yana wannan tambaya.
Shekara shida ina ɗaga masa hannu kawai,
amsar ta fi ƙarfin numfashin mai gudu.

Da fari likita ne ya biyo ni
da takardar hawan jini.
Sai bashin shago.
Sai wata magana da na faɗa wa ƙanina
a kan katangar gidan gado,
maganar da ta fita kamar almakashi cikin shadda,
yankan da ba ya komawa.

Wajen Ƙofar Kansakali nake sallamar kwalta.
Kwalta maƙaryaciya ce,
tana gaya wa ƙafa duniya a shimfiɗe take.
Na fi son gindin ganuwa, ɗan abin da ya rage,
inda tafasa ke jiƙa ƙwauri,
ƙarangiya ta kama wando kamar mai bin bashi,
leda baƙa ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa.
Wannan ma daji ne,
dajin da birni ya manta bai cinye ba.

Goron Dutse ba ya gaisawa.
Ina hawansa ta hanyar awaki,
su suka fi mu sanin inda marmara ke riƙe nauyi.
A nan gudu yakan zama rarrafe,
ƙirji ya zama zugazugin maƙera,
ƙadangare ya dube ni ya gyaɗa kai
kamar ya taɓa ganin irina sun koma.

Nafi'u ya aiko mini agogo daga Kaduna
mai ƙirga taku da bugun zuciya.
Kwana tara na ɗaura shi.
Ni tela ne, na gaji da awo.
Duk yini tef a wuya, ina auna kafaɗun mutane,
a bar ni da sa'a guda
da ba wanda zai ce ta yi kaɗan ko ta yi yawa.

Bara na faɗi a nan, gwiwa ta tsage.
Wata tsohuwa mai tsinkar ganye, Kande,
ta yagi bakin zaninta ta ɗaure mini.
Na laluba aljihu.
Ta ce, "Ajiye. Ka dai riƙa kallon gabanka."
Har yau ban sami malamin da ya taƙaita mini karatu haka ba.

Daga sama Kano kwano ce mai tsatsa,
Dala can tana kallona,
hasumiyoyi, hayaƙin masu ƙosai, shirwa ɗaya.
Na nemi rufin gidanmu.
Na nemi katangar da ta raba ni da Lawandi.
Wallahi ban gan ta ba.
Ko kaurin zare ba ta kai ba.

Gangara ta fi hawa wuya,
mai hamsin da huɗu ya san wannan.
Ba ƙarfi take so ba, sai saki,
da yarda da dutsen da ba ka taɓa takawa ba.

Yau ban biyo ta wajen Sabo ba.
Na zaga ta lungun marina,
gumi har cikin ido, ƙarangiya har gwiwa,
na tsaya a wata ƙofa mai shuɗin fenti.
Numfashina bai gama dawowa ba
na yi sallama.