Makullin Ɗaki na Huɗu

Ni ke riƙe da makullin ɗaki na huɗu
a cibiyar koyon sana'a, can bayan Ƙofar Sauri.
Keken ɗinki ashirin da biyu ne a ciki,
kowanne cikin rigarsa ta leda,
kamar fasinjan da aka yi wa shiri
aka manta da shi a tasha.

Ranar da aka kawo su an kafa rumfa,
an yanke ƙyalle, an sha lemo, an ɗauki hoto.
Wani mai babbar riga ya ce matasa ne gobenmu,
ya duba agogo, ya shige mota.
Goben ce har yau gari bai waye mata ba.

Kuɗin mai koyarwa na hanya, in ji ofis.
Na ce wace hanya, ta Jibiya ko ta Dutsin-ma?
Aka ce suna kan tebur.
Mai teburin fa? Ya tafi kwas.
Da ya dawo aka ce saura sa hannu,
hannun kuma yana biki a Kaduna.

Kowace Litinin sai sun zo.
Mannir, da diflomarsa a aljihu
ta sha ninki har ta yi laushin tsohuwar naira;
Sada, da ya baro majalisar bakin kwalbati
don an ce masa sunansa ya fito;
Hindatu, mai tahowa da allurarta daga gida.
Su leƙa taga su ƙirga kekuna,
ni in ƙirga su in sa a rajista:
sun zo, sun tafi.
Wata bakwai alƙalamina bai san wata magana ba.

Sai wata Litinin babu Sada.
Da yamma na gan shi kan kwalbatin,
ido jawur, kwalba cikin hannun riga,
ya gaishe ni da sunan da ba nawa ba.

Daren nan makullin ya hana ni juyi.
Da asuba na buɗe, ba takarda, ba izini.
Leda ta yi ƙara, gizo-gizo ya yi ƙaura.
Na gangara Rafindadi wurin Baba Rabe tela,
wanda ido ya fara gudu
amma ƙafa ba ta manta feda ba.
Ya ce nawa za a ba ni?
Na ce abin da ake ba mai jira.
Ya yi dariya, ya lalubo almakashi.

Karo-karo muka yi na zare da man keke.
Takardar buhun siminti muka fara yi wa riga.
Hindatu ta haɗa wuya a mako na uku.
Mannir ya karya allura sha ɗaya
kafin layinsa ya miƙe.
Sada kuwa sai da na yi sawu huɗu.
Yanzu shi ke riga kowa;
hannun na ɗan rawa, amma zare na shiga.

Shekaranjiya mai binciken kaya ya zo da fayil.
Ya ƙirga, ashirin da biyu cif.
Ya duƙa ya ga fentin feda ya goge.
Wa ya ce ka taɓa kayan gwamnati?
Na ce ranka ya daɗe, waɗannan da ke zaune a kai,
su kayan wa ne?
Bai tanka ba. Ya rubuta mini takardar tuhuma,
amsa cikin kwana uku.

Zai fita, ƙusar ƙofa ta riƙe masa aljihu,
ƙyat, har ƙasa.
Sada ya ce kawo, Yallaɓai, minti biyar.
Ya tsaya da singileti a tsakar ɗaki,
fayil manne a ƙirji,
yana kallon ƙafar yaron tana hawa tana sauka.

Kuɗin dai na hanya.
Amsar tuhumar ita ce wannan a hannunka.
Makullin yana rataye a ƙusar nan
idan kuna so, a aiko a ɗauka,
amma a bari sai an tashi, ƙarfe biyu.